Albarushin Zamani

Attahiru ne ke harba bindiga a Jiga Birni idan an ga watan Sallah. Da ƙararta ta tashi, mutanen ƙauyukan kewaye sun san azumi ya ƙare. Wani maƙeri a Jiga Makera ya ƙera masa ita, irin ta kakansa sak, kuma baƙin albarushi ake ɗura mata. Shi kuwa ya tsani albarushin nan, saboda hayaƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga wankin bututu da ruwan zafi bayan kowane harbi.

Ranar kasuwar Jega wani mai tebur ya nuna masa wata hoda a gwangwani. "Wagga ta zamani ta, Malam. Ba hayaƙi, ba wari, ba ta razana kowa." Attahiru ya saya, ya dawo yana yi wa tsofaffi dariya.

Da aka ga wata bayan magariba, ya ɗura hodar, ya ɗaga bakin bindiga sama, ya ja kunama. Sai ta ce fus. Akuyar da ke gindin rumbu ko tuƙa ba ta daina ba.

Da safe ya sha babbar riga, ya tarar da rabin filin idi babu kowa. Mutanen ƙauye suna can fadama suna ban ruwan albasa, da azumi a bakinsu.

Ya dawo gida yana huci. Matarsa Murjanatu ta leƙa bututun, ta gan shi fes.

"Mai tebur bai yi maka ƙarya ba, Malam," in ji ta. "Ko akuya ba ta razana ba."