Wanne Ne Nagamine?

Ranar da Chinatsu ta ce mana ta sami miji, ina shago ina ɗinke bakin wata tabarmar tatami, uwarta Fusae kuma tana zuba mini shayi. Na ce madalla, ya zo gida mu gan shi. Sai ta ce ai ya sha kamo hanya, amma da ya iso bakin layinmu sai kunya ta hana shi ƙarasowa, ya juya.

"Baba, mutumin nan a daji kawai yake da baki. Ka zo filinmu ranar Lahadi ka gan shi a inda yake sakewa."

"Filin da kuke harbin juna?"

"Da ƙwayar roba, Baba, ba ta kisa. Ina da aikin safe a asibiti, zan same ku bayan azahar. Sunansa Nagamine. Amma fa ba mu gaya wa 'yan ƙungiya maganarmu ba tukuna, kada ka je ka yi shela."

Fusae ta ce in je, ko ba komai na motsa ƙafafuna.

Na isa garin Inzai da hantsi. Filin yana bayan wasu gonaki, dajin gora ne da aka kewaye da doguwar raga. A wajen ragar akwai rumfuna da tebura, mutane cike, kowa da kayan soja, da yawansu sun riga sun rufe fuska. Matar da ke kula da wurin, Orihara, ta tare ni da fara'a.

Na ce, "Ina neman Nagamine."

"Nagamine? Yaya ake ce masa a fili?"

"Nagamine dai."

"Ayya, Baba, a nan ba ma kiran sunan gida. Wancan Kabewa ne, ga Likita can, ga Ɗan Tasi. Likitan ma ba likita ba ne, tayar mota yake sayarwa." Ta dube ni da kyau. "Ko kai ne mahaifin Zirnaƙo? Ta ce za ka zo."

Ban san wata Zirnaƙo ba. Sai da ta kwatanta mini, gajera, mai saurin magana, ma'aikaciyar jinya, sannan na gane 'yata ake nufi. Na kira wayar Chinatsu, a kashe. Na ce a raina ba laifi, wataƙila ma gara haka, in kalli mutumin tun kafin ya buɗe baki. Ai wanda yake son 'yar mutum ba ya ɓoyuwa, za a ga rawar jiki.

Ashe kowa ma rawar jikin zai yi. Kafin in zauna labari ya zaga cewa baban Zirnaƙo ya zo. Wannan ya ba ni kujera, wancan ya miƙo mini shayin gwangwani, kowa Baba, Baba. Na rasa wanne Baba ne na girmamawa, wanne ne na surukuta.

Orihara ta ba ni bindigar haya mai batir, da tabarau mai kauri, da abin rufe baki da hanci, ta ɗaura mini rawayan ƙyalle a damtse, alamar ɓangarenmu, abokan karawarmu kuma ja ne nasu. Sannan ta kama bayani kamar ruwan famfo.

"Cikin raga, ko me ya faru ba a cire tabarau. Ko ya yi hazo, ko gumi ya shiga ido, ka fito tukuna. Kafin ka fito ka zare gidan ƙwaya, ka harba sau ɗaya a cikin wancan duron don wadda ta maƙale ta fita, ka mayar da makulli, ka sa wa baki murfi. A nan waje yatsa ba ya taɓa kunama. In ƙwaya ta taɓa ka, ko a takalmi ne, ka ɗaga hannu ka ce an same ni, ka fita. Ka gane?"

Na ce na gane. Abin da ya zauna mini kawai shi ne akwai wurin da ake cire wani abu, akwai wurin da ba a cire wani abu. Don kada in yi kuskure sai na bar tabarau a idona ko'ina, ciki da waje, har ya yi hazo, duniya ta koma kamar ina leƙen ta daga ɗakin wanka.

Aka busa usur, mutane suka watse cikin gora. Na laɓe bayan wani katako, na hango jan ƙyalle yana motsi, na ja kunama. Shiru. Na sake ja. Shiru. Sai wani mai ƙiba kaɗan ya durƙusa kusa da ni, ya ture wani ɗan ƙarfe a gefen bindigar da babban yatsa.

"Makulli ne, Baba. Yanzu gwada."

Bindigar ta yi kuka kamar keken ɗinki, ƙwayoyin suka fita a jere, suka yi ɗan nisa, sai suka miƙe sama kamar an kira su.

"Tsuntsaye ba sa cikin wasan, Baba," in ji shi, yana dariya. Ya ja wani murfi, ya nuna mini ɗan abin murzawa a ciki. Ya ce akwai 'yar roba a gindin bututun da ke murza ƙwaya don ta yi nisa, in ta matsa da yawa ƙwayar ta yi sama, in ta saki ta faɗi kusa. Ya rage kaɗan, na harba, ta tafi sak. Ya ce sunansa Kabewa. Na sa shi a raina.

Bai daɗe da tafiya ba na ji ƙwas a kaina. Na miƙe, na ɗaga hannu, na kwarara ihu an same ni. Ina fita alƙalin wasa ya tambaye ni wa ya harbe ni, tunda babu kowa a wannan ɓangaren. Muka duba, ashe ɗan itace ne ya faɗo daga sama. Ya ce ba komai, gara mai yawan mutuwa da mai ƙin mutuwa.

A zagaye na gaba na lura da wani dogo da ke rarrafe a gabana. Duk inda na nufa yana gabana, a hankali, kamar ba ya son isa. Ta cikin hazon tabarau ban ga launin ƙyallensa ba, na ga dai abu yana motsi kusa, sai na sakar masa wuta. Ƙwayoyin duk a mazaunai suka same shi. Ya miƙe, ya ɗaga hannu, sannan ya juyo ya rusuna mini har ƙasa kamar shi ya yi laifin. Rawayan ƙyalle ne a damtsensa, namu ne. Dokar wurin ta ce mu fita tare. Muka jera har bakin raga ina ba shi haƙuri, shi kuwa sai ƙara rusunawa yake, ko uffan bai ce ba. Wani ya ce mini kada in damu, Kunkuru ne, haka yake, amma yau abin nasa ya yi yawa.

Da rana aka raba shinkafa da miyar kori. Kabewa ya cire abin fuskarsa ya zauna kusa da ni. Fuska mai haske, ga natsuwa, har ya ɗauko mini cokali ya goge. Na ce a raina an zo wurin.

"Wane aiki kake yi?"

"Hukumar ruwa, Baba."

"Aiki mai kyau. Iyaye suna nan?"

"Suna garin Narita, lafiyarsu ƙalau."

"Kana sha?"

"Kaɗan, ranar Asabar."

"Yaya ka ga 'yar tawa?"

"Zirnaƙo? Baba, babu kamarta. Duk ranar da take ɓangarenmu hankalina kwance yake."

"Yara fa, kana son yara?"

"Sosai ma. Ai ni yanzu haka..."

Sai aka busa usur, ya tashi da sauri yana neman tabarau. Ni dai na ji abin da nake son ji.

Ƙwayoyina sun kusa ƙarewa, ga su kuwa birjik a ƙasa, farare, ana tattaka su. Ni mutum ne da ko guntun zare ba na yarwa. Na tsuguna na tsince cikin tafin hannu, na hure ƙasar, na zuba a gidan ƙwaya. Harbin farko lafiya. Na biyu sai bindigar ta yi wani gurnani, ba abin da ya fito. Na sake ja, gurnanin ya ƙaru. Zan ƙara ja ke nan aka riƙe mini hannu.

"Ba... Baba, kada ka ƙara."

Dogon nan ne, Kunkuru. Ya zare gidan ƙwayar, ya fitar da ni, ya kai ni wani tebur a ƙarshen rumfa. Ya ajiye bindigar a kai. Yana fara duba ta sai bakinsa ya buɗe.

"In ta toshe aka ci gaba da ja, haƙoran injin ne ke kakkaryewa. Batir ake fara cirewa." Ya cire. Ya saki 'yar robar nan gaba ɗaya, ya ɗauko wani siririn tsinke mai tsawo, ya zura ta baki a hankali ya tura. Wata ƙwaya ta faɗo, a tsage, da ƙasa a jikinta. "Wadda ta taɓa ƙasa ta gama aiki, Baba. Ko ido bai ga tsagar ba, bututu zai gani."

Ya juya tsinken, ya saƙala ɗan ƙyalle a ɗaya bakin, ya ɗiga masa mai kaɗan. Ya ce man silikon ne, man keke ko na inji cinye roba yake yi. Ya nuna mini wani zane a jikin tsinken, ya ce nan ake tsayawa, in mai ya kai ga 'yar robar sai ta yi santsi, ƙwaya ta riƙa tafiya inda ta ga dama. Ƙyallen ya fito baƙi. Ya sa wani, ya sake sa wani busasshe, har ya fito fes. Na tsaya ina kallon yatsunsa. Na san hannun da ya iya aiki in na gan shi.

Ganin ya iya riƙe baki, sai na ji ina son in sauke abin da ke cikina.

"Bari in gaya maka, amma tsakaninmu. Ba harbi ya kawo ni ba. Wani ne yake son auren 'yata, na zo in gan shi. Kuma na gan shi, na yarda da shi."

Tsinken ya tsaya cak.

"Ga shi can, mai ƙibar nan."

Tsinken ya faɗi ƙasa. Ban kula ba, don lokacin Kabewa ya fito daga raga, na yafito shi. Na miƙe, na gyara tsayuwa, na ce masa ba sai ya wahalar da kansa da neman kalmomi ba, na ba shi Chinatsu, ya riƙe ta da amana.

"Wace ce Chinatsu, Baba?"

"'Yata mana. Zirnaƙon taku."

"Ka ba ni ita in yi me?"

"Ba kai ne Nagamine ba?"

"Tsurumi nake, Baba. Ina da mata, yaranmu uku, babbar ta shiga sakandare."

Ashe da ƙarfi muke maganar. Sai wani a rumfar ya ce, "Zirnaƙo za ta yi aure?" Likita ya ce shi dai ba shi ba ne, yana son ransa. Aka shiga nuna juna ana ihu. Ni kuwa na tsaya ina juya kai, ina duban fuskoki ta cikin hazo, duk iri ɗaya.

Cikin wannan hayaniya Chinatsu ta shigo da jakarta a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi Kabewa da ke goge gumi.

"Baba, me ka yi? Kuma me ya sa kake sanye da tabarau a nan?"

Ta zare mini shi, sai na ga duniya tar. Ta wuce ni, ta je wurin dogon nan da ke tsaye kamar an dasa shi, ta kama abin fuskarsa ta ja ƙasa.

"Tun safe ba ka gaishe shi ba?"

Yaro ne mai dogon haɓa, kunnuwansa sun yi jawur. Ya zube a kan tsakuwa, ya kafa goshi a ƙasa.

"Nagamine ne, Baba. Na so in yi magana, wallahi na so. Na ce bari in fara tare maka ƙwaya a fili, in mun fito sai in faɗa. Sai ka harbe ni."

Dariyar da aka yi har Orihara sai da ta riƙe tebur. Ɗan Tasi ya ce ashe Kunkuru ya fi kowa gudu. Jawabin da na shirya na riga na kashe shi a kan mijin wata. Sai kawai na ji kaina ina ce wa Nagamine, "Tashi ka gama haɗa bindigar mutane tukuna."

Ya tashi ya mayar da batir, muka je wurin gwaji, ya daidaita robar, ya miƙo mini da hannu biyu.

A zagayen ƙarshe Chinatsu ta ɗaura jan ƙyalle. Ban ga ta inda ta ɓullo ba. Na ji zafi a kafaɗa, na ji Nagamine ma a gefena ya ce an same ni, muka fito tare. Muka zauna a benci muna jiran a gama, iska ta fara sanyi. Na tambaye shi aikinsa, ya ce agogo yake gyarawa a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Funabashi. Na tambayi iyayensa, ya ce mahaifiyarsa kaɗai ta rage. Daga nan muka riƙa sauraren ƙarar ƙwayoyi a jikin gora.

Can na ce masa Fusae tana dafa kifi ranar Laraba, ya zo da yunwarsa. Ya ce to. Ya sake cewa to. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai sauran ƙwayoyin ƙasa a aljihuna. Akwai. Na juye masa su a hannu, ya kai kwandon shara.