Ƙararrawar da Maiwada Ya Wanke

A masaukin ma'aikata na unguwar Sulay, kowa da abin da yake faɗa a kan Maiwada. Saidou mai dafa musu abinci yakan ce kada ka kuskura ka ajiye butarka kusa da shi, don kafin ka dawo ya goge ta har sai ka ga haƙoranka a jikinta. 'Yan Najeriya na ɗakin ƙarshe Uwar Maƙera suke ce masa, wai duk dukan da za a yi masa yana nan inda yake. Laouali kuwa, direba, wanda yake taubashinsa, cewa yake Allah ya ba Maiwada hannu mai albarka, sai dai da aka zo rabon kai, na jaki ya rage.

Ɗan gidan maƙeran fari ne a Damagaram. Mundaye da zobba da tasoshin tagulla su ne suka ciyar da gidansu tun kakanni, har kayan roba da na Caina suka cika kasuwa, wutar zauren ta mutu. Laouali ne ya yi masa hanya zuwa Riyad, wurin Abu Turki, mai shagon kayan tagulla da tsofaffin kaya a kasuwar Dira. Abu Turki shi ne kafil ɗinsu, wato a hannunsa takardar zamansu take. Aikin Maiwada a ɗakin ajiya na Sulay shi ne liƙe butocin gahawa da goge farantai kafin a kai su shago, kuma ba a taɓa dawo da abin da ya fita daga hannunsa ba.

Wata safiya, Abu Turki yana Jidda, Laouali ya sauke wani akwatin katako ya wuce wani aiken. Maiwada ya buɗe, ya tarar da ƙararrawa, wadda namiji ɗaya ba ya ɗaga ta sai da nishi. Baƙa ce ƙirin, da kore-kore a gefen baki. Ya sa farce ya kankare, ya ga tagulla mai kyau a ƙarƙashi, irin wadda bai taɓa riƙewa ba. Ransa ya ɓaci da waɗanda suka bar ta haka.

A zauren ubansa akwai ka'ida. Ƙarfen da ya shigo, ko mai shi ya ce a goge ko bai ce ba, ba ya fita da dauɗa. Ba a tambaya, ba a kuma jiran godiya, don idan ya fita baƙi gidan aka zaga. Sai Maiwada ya je ya roƙi tsamiya wurin Saidou, ya jiƙa, ya tankaɗe toka, ya zauna. Baƙin ya yi taurin kai, shi ma ya yi. Kafin la'asar ƙararrawa ta fito kamar yau aka zuba ta, rubutun boko na jikinta ya bayyana sarai, ko da yake shi ba ya karanta shi. Ya ɗauraye siminti, ruwan baƙi ya bi kwata ya tafi.

Da Laouali ya dawo ya gan ta, sai ya zauna a kan akwatin.

"Ɗan gwaggo, wa ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Dube ta mana."

"Ina dubawa. Tikitinmu na komawa gida nake gani yana ƙyalli. Kai tsohon maƙeri, baƙin nan shi ake saye."

"Dauɗar?"

"Ita. Wani dattijo ne ya ga hotonta haka, ya ce a nemo masa ita daga ƙasar Ingila. Ƙararrawar jirgin ruwa ce, na dakon kwal."

"To idan dauɗa yake so, ya zo ya ɗauki rigarka."

Laouali bai yi dariya ba, abin da ba ya faruwa tsakaninsu.

Abu Turki ya dawo washegari. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya zagaya ƙararrawar, ya cire tabarau ya mayar, sannan ya yi magana, Laouali yana fassarawa, don Larabcin Maiwada na wurin aiki ne, bai wuce kawo da kai da gobe ba.

"Ya ce abin da ya faru ya faru. Ya ce tunda ka iya cirewa, ka iya mayarwa. Akwai ruwan batir, akwai baƙin mai. Ka mayar da ita yadda take a hoto."

"Gaya masa ban iya ba."

"Ka iya mana. Ni na ga ka baƙanta zobe a gida."

"Ado na yi wa zoben, mai shi kuma ya sani. Wannan ƙarya ce za a shafa wa ƙarfe. Gaya masa hannuna ba ya yi."

Laouali ya faɗa, amma Maiwada ya ji ya rage wa maganar gishiri. Abu Turki ya dubi Maiwada, ya ce wata kalma da ba ta bukatar tafinta: iƙama. Takardar zaman Maiwada ta kusa ƙarewa, sabunta ta kuma sai kafil ya so. In bai so ba, fita ce wadda ba dawowa.

Maiwada ya ɗauki wata butar gahawa ya ci gaba da gogewa. Ya san abin da ke jiransa a Damagaram: zaure babu wuta, da matarsa Delou da yara da suka saba ana aiko musu. Duk da haka bai ga laifinsa ba. An kawo masa ƙarfe mai dauɗa ya wanke. In mutanen duniya sun koma sayen dauɗa, wannan ciwonsu ne.

Abu Turki ya sa Laouali ya kai ƙararrawar wata maƙera a Birnin Masana'antu na Biyu. Ta dawo baƙa, har da kore-koren a gefen baki. Aikin ya yi kyau, Maiwada ya yarda da wannan a ransa, sai dai hancinsa ya ji warin man inji.

Ranar kaiwa, dole aka tafi da shi, don shi ne zai kafa ƙugiyar da za a rataye ta. A mota Laouali ya ce, "Abu Turki ya ce in ka kama bakinka yau, zai sabunta maka, magana ta wuce. Ka kafa ƙusa, ka sha gahawa, mu fito. Ka iya wannan, ko shi ma hannunka ba ya yi?"

"Ina ruwana da su. Mai son dauɗa da mai sayar da dauɗa, su ƙarata."

Gidan yana wani lungu a bayan kasuwar Dira. Mai gidan, dattijo Mukbil, mutumin Yaman ne da ya tsufa a Riyad yana sayar da yadi. Siriri ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya tarbe su da kansa, ya ƙi yarda a fara aiki sai an sha gahawa, har da su Maiwada, a shimfiɗa ɗaya da Abu Turki. 'Yarsa, wata mata mai suna Balkisu, ta ajiye dabino a bakin ƙofa ta tsaya daga can.

Maiwada ya hau kujera yana huda bango. Dattijon ya zauna kusa da ƙararrawar yana magana, a hankali, irin ta wanda ya daɗe yana maimaita labari shi kaɗai. Laouali yana tsaye riƙe da kujerar, sai Maiwada ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Me yake cewa?"

"Tarihin jiragen. Wai wani kamfani ne a babban birnin Ingila, tun kafin lantarki, yana toya kwal ya fitar da iskar gas, da ita ake kunna fitilun titi da murhun gidaje. Kwal ɗin kuwa daga arewacin ƙasar yake zuwa ta teku. Da suka gaji da hayar jiragen wasu, suka ƙera nasu."

"To."

"Wai gajeru ne, kamar an danne su, don sai sun shiga kogi sun bi ta ƙarƙashin gadoji kafin su kai matoyar. In sun zo gada, bututun hayaƙin ma kwantar da shi suke, su wuce, su ɗaga. Ka ji jirgi ma yana sunkuyar da kai, kai ne dai."

"Ci gaba da fassara, ban tambaye ka wa'azi ba."

"Wai a yaƙin duniya an nutsar da da yawa. In ɗaya ya nutse, su ƙera wani su ba shi sunan. Daga baya aka samu gas a ƙarƙashin teku, aka daina toya kwal, aka sayar da jiragen aka yanka su. Ƙararrawa kawai ake cirewa."

Dattijon ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen. Muryarsa ta sauka, Laouali ya daina fassara.

"Me ya ce?"

"Kafa ƙusarka."

"Laouali."

Laouali ya rage murya. "Ubansa ya yi aiki a wannan jirgin. Daga Adan ta ƙasar Yaman suka tafi, su da yawa. Can ƙasa suke, wurin wuta, suna zuba kwal da shebur. Wai ba ya ganin teku, ƙarar wannan kawai yake ji ya san lokacin hawowa ya yi. Ya dawo gida yana tari, abin da yake tofarwa baƙi. Bai daɗe ba. Ko hotonsa ba su da shi."

Maiwada ya tsayar da abin huda bangon. Dattijon ya shafa gefen ƙararrawar, ya ɗaga yatsunsa, ya ga sun yi baƙi. Ya kai su kusa da idonsa mai gani. Sannan ya kira 'yarsa, ya nuna mata. Wannan karon Maiwada bai nemi tafinta ba. Ya ji kalmar hayaƙi, ya ji kalmar kakanki. Matar ta matso, ta taɓa ƙarfen da ɗan yatsa, ta riƙe hannun a ƙirjinta. Dattijon ya shafa yatsunsa a gemunsa, farin gemun ya ɗauki baƙin man injin Birnin Masana'antu.

Abu Turki yana kallon kofin gahawarsa.

Maiwada ya tuna ruwan da ya kora kwata. Har yanzu bai yarda ubansa ya koya masa kuskure ba. Amma a zaurensu, mai ƙarfen yakan zo da kansa, ya zauna, a san abin da ya kawo da dalilin kawo shi. Shi bai jira mai wannan ba. Ya sauko daga kujerar.

"Ina za ka?" in ji Laouali. "Ƙusa ɗaya ta rage."

"Fassara masa."

"Ba na fassara komai. Ka tuna Delou."

"Na tuna ta. Ba ta auri wanda zai tsaya yana kallon tsoho yana shafa man mota a gemu ba."

"Ɗan gwaggo, don Allah. Ya ji daɗi, bar shi da daɗinsa. Wa aka cuta?"

"Ni na wanke, ni zan faɗa. Ban ce kai ka yi komai ba. In ba ka fassara ba, zan yi da nawa Larabcin."

Abu Turki ya ajiye kofi. Ya kira sunan Maiwada sau ɗaya, ya nuna masa ƙofa da haɓa, ya ce ya je mota ya jira. Da ya ga bai motsa ba, ya ƙara da cewa in ya buɗe baki, shi ke nan, ya haɗa kayansa.

"Na ji, mudir," in ji Maiwada, kamar yadda suke kiran maigida a wurin aiki. "Jakata ƙarama ce."

Ya ratsa shimfiɗar, ya durƙusa gaban dattijon kamar yadda ake durƙusa wa manya a gida. Ya ciro ƙyallen aikinsa daga aljihu, ya goge wani wuri a kafaɗar ƙararrawar. Baƙin ya taso da shafa ɗaya, tagulla ta leƙo. Baƙin na gaskiya kuwa, yini guda ya ci masa. Ya miƙa wa dattijon ƙyallen, dattijon ya sunsuna.

Maiwada ya fara da Larabcinsa na wurin aiki, kalma nan kalma can: baƙin farko, ni, wanka, kwata, wannan, mai, sabo. Kalmomin suka ƙare masa. Ya juya ya dubi Laouali. Laouali ya dubi Abu Turki, ya dubi rufin ɗaki, ya yi tsaki.

"Kan jaki," ya ce. Sannan ya matso ya durƙusa kusa da shi. "Faɗi. Zan faɗa yadda ka faɗa."

Maiwada ya dubi dattijon a idonsa mai gani.

"Baba, ƙararrawar ta jirgin mahaifinka ce, wannan ba ƙarya. Amma baƙin da ke gemunka ba nasa ba ne. Nasa ya iso Riyad lafiya, ya shigo hannuna. Na ga baƙi na ɗauka dauɗa ce, na wanke shi da tsamiya da toka, ban tambayi kowa ba. Ba zan iya mayar maka da shi ba, babu kuma wanda zai iya. Na ɓata maka abin da ba nawa ba. Ka yi haƙuri, Baba. Ka yafe mini."