Tayar Alhaji Mika'ilu

Murja ta buɗe kular, ta gutsiri tuwon, ta dangwali miyar kuka, ta haɗiye tana kallon ɗan sandan da ke bayan kantar ofis ido cikin ido. Haka tsarin caji ofis ɗin yake: duk wanda ya kawo wa na tsare abinci sai ya fara ɗanɗanawa, wai ko da guba a ciki. Sai ka ce a wannan tsadar masara za ta taso tun daga Limawa da tuwo don ta kashe ƙanin da ta goya a bayanta.

Ƙanin nata, Zainulabidin, mai faci ne a bakin titin Yalwawa. Ranar da matasan Dutse suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, shi ko tari bai yi ba. Mutum ne da ko a gida sai Iya ta tambaye shi abu sau biyu kafin ya ɗago kai. Sana'arsa ce ta ja masa. Kowane mai faci yana jibge tsofaffin tayoyi a gefen hanya, su ne alamar da direba zai hango daga nesa. Da gungun ya iso wurinsa, samari suka kwashe su suka cinna wuta a tsakiyar titi. Bai hana su ba, dama kayan zubarwa ne. Amma sai suka haɗa da sabuwar tayar wani Alhaji Mika'ilu da aka bar masa da safiyar ranar ya cire ƙusa. Wannan kam amana ce. Ya bi su, ya kutsa cikin hayaƙin, ya fizgo ta ya saɓa a kafaɗa. A daidai nan wani ya ɗauki hoto, a daidai nan kuma motar 'yan sanda ta tsaya.

Da aka shiga da abincin, Murja ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga sifeto. Aka kai ta. Dattijo ne mai jajayen idanu, da ganinsa ka san ya kwana biyu bai ga katifarsa ba. Ta gaishe shi, sannan ta tambaya me ya sa aka ba da belin 'ya'yan maƙwabtansu, waɗanda har muryarsu ta dishe don ihu, aka riƙe wanda bai ce uffan ba.

Sifeton ya juyo mata da wayarsa. Ga Zainu nan, baki buɗe, taya a kafaɗa, wuta na ci a bayansa.

"Malama, wanda aka kama da kwali a hannu, zanga-zanga ya yi. Wanda aka kama da taya ko fetur, wannan ta'addanci ne. Ba ni na raba ba, haka aka aiko mana."

"Yallaɓai, fitar da ita yake yi daga wutar, ba kaiwa ba."

"Hoto ba ya tafiya. Ni dai ga mutum, ga taya, ga wuta."

Ranta ya ɓaci. Ashe tsakanin a koma gida da a tafi gidan yari, abin da ke hannunka ne kawai lokacin da wani ya latsa waya. Sifeton dai ba mugu ba ne. Ya rage murya ya gaya mata cewa masu irin wannan tuhumar, bayan la'asar za a kwashe su zuwa wani gari, kuma daga nan magana ta fi ƙarfinsa. Amma in mai tayar ya zo da ƙafarsa kafin lokacin ya ce tasa ce, gyara ya kawo, shi zai san yadda zai yi.

Ta tare ɗan acaɓa sai sakatariya. Alhaji Mika'ilu mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, kuma ya daɗe yana kai wa Zainu aiki. Tun a farfajiya ta gane motarsa a ƙarƙashin darbejiya, ƙafar baya sanye da wata ƙanƙanuwar safaya. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Ya karɓe ta da fara'a, ya tambayi Iya da jiki, ya sa aka kawo mata ruwa. Tana ambaton caji ofis ya tashi ya tura ƙofa. Ta zayyana masa komai. Ya saurara yana murza carbi, sannan ya fara nasa bayanin, mai tsawo kamar wanda aka gayyata lacca. Ya ce zamani ya lalace. Ya ce ya kusa ritaya, yana da iyali. Ya ce yanzu masu ɗaukar nauyin abin ake nema ruwa a jallo, kuma ma'aikacin gwamnati da aka samu kayansa a wurin wuta ya gama yawo.

"Yau in na ce tayata ce, gobe a ce ni na raba musu tayoyi."

Murja ta sauka daga kujera ta durƙusa, abin da ko mijinta ba ta cika yi wa ba. Ta ce kalma ɗaya ake nema, kuma gaskiya ce. Ya kawar da kai ya ce shi fa, in za a bi ta tsanaki, bai ma tuna ya bar wata taya a wurin kowa ba.

"Alhaji, motarka na ƙasa a kan safaya."

Ya ce zai sa yaron a addu'a.

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Maganganu sun cika mata baki, irin waɗanda take yi wa masu taya mata tumatir da rainin wayo a kasuwa, amma ta ga ko ta zazzage su ba za su buɗe ƙofar kowa ba. Ruwan ma ba ta sha ba ta fito.

Ana kiran la'asar ta iso caji ofis. Babbar mota ta riga ta ja baya zuwa bakin ƙofa, iyaye mata sun yi cirko-cirko a rana. Sifeton ya dube ta, ya dubi bayanta, ya ga ba kowa. Ya dai yi wa na ƙofa alama a bar ta ta matso.

Aka fito da su a jere. Zainu na tsakiya, ba takalmi, hannuwansa har yanzu baƙi ƙirin da toka da man mota. Duk hanya tana shirya yadda za ta gaya masa irin mutumin da ya shiga wuta dominsa, don ya sani, ko ya daina wannan shegen kirkin nasa. Ya hango ta ya ɗan yi murmushi. Ya tambayi Iya, ta ce lafiya lau. Ya ce kada a gaya mata inda za a kai su, a ce bincike ne bai ƙare ba.

Ɗan sanda ya tura shi gaba. Har ya ɗora ƙafa a kan motar ya waiwayo, da damuwa sosai a fuskarsa.

"Yaya, kin samu Alhaji? Ki gaya masa tayarsa ba ta ƙone ba, tana nan wurinsu. Kar ya ɗauka na yi sakaci."

Aka fara jan ƙofar motar.

"Na gaya masa," in ji ta. "Ya ce ya gode."