Shekarar da Vesna Ta Karɓi Sitiyari

Tun da Vesna ta auri Branko, duk tafiyar da ta wuce bakin gari shi ke tuƙi. Ita iyakarta daga gidansu da aka sassaƙa a cikin tudu zuwa kanti, sai makarantar 'yarsu Milena, sai coci ran Lahadi, kuma a ɗan garinsu na Coober Pedy wannan bai kai a kira shi tuƙi ba. Abin bai taɓa damunta ba. Shi yana son hanya, ita tana son gyangyaɗi a kujerar gefe, kowa ya samu nasa.

Cikin sanyin watan Yuli wani tsinin dutse ya fallatso daga bakin injin haƙa, can cikin ramin ma'adinai inda yake aiki, ya shige wa Branko idon dama. Na hagun dama tun yana yaro ba shi da ƙarfi. Jirgin likitoci ya kai shi Adelaide aka yi masa aiki, ya dawo yana ganin duniya dishi-dishi, kamar ta bayan labule. Likita ta ce akwai sauran aiki nan gaba, amma mota da rami ya ajiye su tukuna.

Mutumin da a da ba ya barin kowa ya ƙarasa zance sai ya koma shiru. Yakan wuni a falo kusa da rediyo. Vesna tana aiki a ɗakin girkin wani otal, saboda haka Milena, mai shekara goma sha biyar, ita ke fita da shi in ta taso daga makaranta. Vesna takan jiyo su daga ƙofa, muryar yarinyar ƙasa-ƙasa, tana gaya masa inda zai sa ƙafa.

Malamar kimiyyar Milena ce ta nema mata gurbi a wani sansanin hutu na matasa a gefen Adelaide, inda ake koya musu harkar kumbo da 'yan sama jannati. Yarinyar tun tana ƙarama bangon ɗakinta cike yake da hotunan wata da taurari. Za a yi abin a watan Janairu, tsakiyar zafi da dogon hutu.

"A sa ta a bas," in ji Branko. "Yana kaiwa har tsakiyar birni."

"Mu kuma mu zauna a nan muna kallon juna?" in ji Vesna.

"Ke dai ki kalle ni. To wa zai kai mu?"

"Ga ta nan tana wanke maka kofi."

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, ko da yake ita ake yi wa. "Ke? Ke da kike taka birki in kin hango kare a wata unguwa?"

Dariyar nan ce ta sa ta kafe. Ta kai motar gareji aka duba, ta toya burek, wata wainar fulawa mai cuku, cike da tire, ta cika jarkoki da ruwa. Da sassafe, kafin rana ta fara aikinta, suka kama hanyar kudu.

Da farko lafiya lau. Titi miƙaƙƙe, jar ƙasa dama da hagu, ba kowa. Sai ga tirela mai jela uku ta taho daga gaba. Da ta gifta, iskarta ta mari motar har ta karkata, Vesna ta taka birki ba shiri, jarka ta kife a baya.

"Kar ki taka birki," Branko ya ce da ƙarfi. "Wa ya ce ki taka birki?"

Daga nan bai sake yin shiru ba. Ba ya ganin titi, amma yana jinsa. Ta yi kusa da gefe, yana jin tsakuwa. Ta cika gudu. Ta cika sanyi, ko jana'iza suke bi? Milena ta toshe kunnuwanta da waƙa ta juya fuska ga taga. Vesna ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, har suka iso wani farin tafkin gishiri da rana ta take. A nan ta sauka daga titi, ta kashe mota, ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Ta tsaya tana kallon gishirin nan da ke ƙyalli har ƙarshen gani, ƙudaje suna bin fuskarta. Can sai ta ji takunsu, Milena tana riƙe da gwiwar hannun ubanta.

"Ga Mama nan gabanka," in ji yarinyar. "Ni na koma cikin mota. In kun gama ku kira ni."

Branko ya share wuyansa da hula.

"Da ina gani da ban ce komai ba," ya ce. "Zama a gefe cikin hazo, kana jin ƙarfe yana tahowa, ba daɗi."

"Ni ma da nake gani ba daɗin nake ji ba."

"In tirela ta taho, ki riƙe sitiyari da hannu biyu, ki ɗan sassauta ƙafa tun daga nesa, ki kalli can gaba inda za ki. Kar ki kalle ta. Shi ke nan abin da na sani, sauran duk surutu ne."

Suka ci burek a inuwar mota. Aka yi yarjejeniya ba zai yi magana kan tuƙi ba sai an tambaye shi, Milena ce alƙali. Ya karya dokar sau da yawa, amma a hankali. Tirela ta gaba da ta zo, Vesna ta yi yadda ya ce, motar ta ɗan girgiza ta wuce. Wani direban tirela ma da ta biyo bayansa ta kasa wuce shi, shi ya kunna mata fitilar gefe ya nuna mata hanya a buɗe take. Ta ɗaga masa hannu, ba ta san ko ya gani ba.

Sun kwana a Port Augusta, washegari suka shiga birni, Milena tana karanta mata hanya daga waya. A ƙofar sansanin yara sun cika da jakunkuna, wasu da alama sun san juna tun bara. Milena ta dubi takalmanta da jar ƙura ta rina, ta goga su a bayan wandonta. Ta rungume su da sauri ta shige.

Ɗan ɗaki suka kama a bakin teku. A nan Vesna ta gane cewa jagora ba abin wasa ba ne. Ranar farko ta kai mijinta ya yi karo da turken fitila, ta kuma bar shi ya taka cikin kwandon kifin wani tsoho.

"Ai na ce maka ka kula," in ji ta.

"In kula da me? 'Kula, can, can.' Ina ne can? Milena ba ta cewa can."

"To me take cewa?"

"Takan gaya mini abin da ke akwai, da hannun da yake, sannan ta bar ni in yi tafiyata."

Ta koya, a hankali. Da yamma sukan shiga ruwa iya gwiwa, shi yana ƙorafin sanyi, amma ba ya yarda su fito da wuri. Rabon da su zauna su biyu babu aiki babu yarinya, ta manta.

Ba a je ko'ina ba sai ga wayar Milena. An ɗora su kan wata kujera mai juyawa ta kowace fuska, irin wadda ake gwada masu zuwa sama da ita. Kowa ya sauko yana dariya, ita ta sauko ta yi amai a gaban jama'a. An sake gwadawa, haka dai. Yanzu da ake raba aiki don tafiyar gwaji ta ranar ƙarshe, ba ta cikin waɗanda za su shiga kumbo, an sa ta a ɗakin da ake magana da su daga ƙasa.

"Mama, ki zo ki ɗauke ni. Ba ni da amfani a nan."

Vesna har ta ɗauki makulli. Branko ya miƙo hannu, ta sa masa wayar.

"'Yar Baba, amai nawa kika yi?" ya ce. "Biyu kacal? Ni ranar da aka fara zura ni rami a cikin guga, kan takalmin kawuna na juye karin kumallona, sabon takalmi. Har ya rasu yana kirana da sunan da ba zan faɗa miki ba." Ya saurara. "A'a, ban ce dole ba. Ki kwana tukuna. Gobe in kin ce a zo, za a zo. Uwarki ta iya hanya yanzu."

Vesna ta ajiye makullin ta shiga wanke kofunan da ta riga ta wanke. Gobe ta yi, Milena ba ta kira ba.

Ranar ƙarshe aka gayyaci iyaye. Aka zaunar da su a wani zaure mai babban allo. Rabin allon yana nuna cikin kumbon gwaji da ke wani gini daban, rabin yana nuna ɗakin ƙasa, yara jere gaban na'urori. Vesna ta hango Milena a ƙarshen layi, abin magana a bakinta.

Malaman da gangan suke jefa musu matsala. Ana cikin tafiya suka ce wani bututun iska ya kwance a jikin kumbon, sai an fita an ɗaura. Wata yarinya mai suna Anahera ta sa kayan sama da kwalkwali ta fita. Tana isa wurin sai malaman suka rufe gilashin kwalkwalin, ya yi baƙi ƙirin. Yarinyar ta ƙame. Ɗakin ƙasa ya kaure, kowa yana ba ta umarni, wannan ya ce sama, wancan ya ce ga shi nan kusa da ke. Ana jin numfashinta yana hawa a lasifika.

Sai wata murya ta ratsa, ba da ƙarfi ba.

"Anahera, Milena ce. Kowa zai yi shiru yanzu, ni kaɗai za ki ji. Ba abin da zai same ki, igiya tana riƙe da ke. Ɗora tafin hannunki na dama a bango. Yauwa. Ja shi zuwa dama a hankali, za ki ji ƙarfe mai sanyi, zagayayye. Ba shi ba ne, wuce shi. Na gaba mai kaushi, shi ne."

Branko ya damƙe hannun Vesna. Ta sunkuyo za ta gaya masa abin da ke kan allo.

"Bari," ya ce. "Ina biye."

Haka Milena ta yi ta jan yarinyar nan, ba gaggawa, in ta kuskure ta ce ba komai, koma baya kaɗan. Da bututun ya shiga mazauninsa zauren ya ɗauki tafi. Vesna ba ta tafa ba, don hannunta ɗaya yana wurin mijinta, ɗayan kuma tana share fuska da shi. Ta tuna watannin nan da take tsaye gaban murhun otal tana jin zafin cewa ta bar wa ƙaramar yarinya nauyin da ya fi ƙarfinta. Nauyin dai an ɗauka, ba za ta ce bai yi yawa ba. Amma ga abin da yarinyar ta yi da shi.

Rukuninsu bai ci kyauta ba, gyaran ya cinye musu lokaci, wasu suka riga su sauka. Milena ta fito da takardar shaida a naɗe a hannu, Anahera tana rataye da kafaɗarta, iyayen Anahera a baya. Uwar, wata doguwar mace mai fara'a, ta kama hannun Vesna da hannu biyu.

"'Yata tsoron duhu take tun tana goye," ta ce. "Wa ya koya wa taku magana haka?"

Vesna ta dubi Branko, shi kuma ya gyara hularsa. "Ita ta koya wa kanta," in ji shi. "Ni dai a kaina aka yi gwaji."

A wajen ajiye motoci Milena ta ce, "Baba, na fasa zuwa sama. A ƙasa zan zauna, in riƙa dawo da su."

"Madalla. Mu da muke kwana ƙarƙashin ƙasa, ko doron ƙasar ma ai ci gaba ne."

Washegari suka je asibiti. Likita ta duba idon ta ce ya kwanta yadda ake so, za a yi aiki na biyu in zafi ya sauka, kuma tana sa ran zai riƙa gane fuskoki, wataƙila har ya karanta manyan haruffa. Tuƙi kam ba ta yi alkawari ba. Branko ya gyaɗa kai, ya yi mata godiya, ya tambaye ta ko ta san inda ake sayar da soyayyen kifi mai kyau.

Iyayen Anahera ne suka san wurin. Da la'asar gidajen biyu suka baje takardun kifi da dankali a kan yashi, tsuntsayen teku suna kewaye su kamar masu jiran rabo. Uban Anahera makaniken jiragen ruwa ne, nan da nan shi da Branko suka nutse cikin gardamar injuna, Branko yana katse shi kafin ya kai aya. Vesna ta zauna ta miƙe ƙafafu, kafaɗunta har yanzu suna mata tsami. A ranta ta gode wa Allah, ta gode wa malamar kimiyya, da likitar, da direban tirelar nan da ba za ta taɓa sanin sunansa ba.

Anahera ta ja Milena zuwa inda igiyar ruwa ke karyewa. Milena ba ta saba da ruwan da ke motsi ba, tana ta turjewa tana dariya, har wata igiya ta zo ta kwashe su duka biyun.

Branko ya dakata da gardamarsa ya juyo da kunne. "Tamu ce wannan?"

"Ita ce. Tana gabanka, ɗan hagu kaɗan, ruwa iya ƙirji. Ta tashi, tana tofar da gishiri."

"To," ya ce, ya lalubo wani yankin kifi ya koma kan maganar injin.