Takardar da ke Aljihun Akawu

Tun yana ɗan shekara bakwai aka laƙaba masa suna Garwashi, domin shi ke hura wuta a dutsen gugar babansa. Shagon wanki da guga ne ɗan ƙarami, da tebur ɗaya mai ƙonannen gefe, da igiyoyi uku, da bokitan da ba a taɓa ganinsu a bushe ba. Baba yana da doka ɗaya tak: kafin riga ta shiga ruwa sai an lalube aljihunta, abin da aka samu a sa a ambulan a mayar wa mai shi. Ba a dubawa, ba a tambaya.

Hannun Garwashi ya bi doka, idonsa ne ya ƙi. Mutane kuwa suna manta abubuwan al'ajabi a aljihu. Ya taɓa ciro haƙorin roba a naɗe cikin hankici, da busasshen ƙwaro a kwalin ashana, da hoton wani mutum an goge masa baki da tawada. In takarda ce sai ya karanta a fakaice, ya riƙa maimaita kalmomin a ransa daidai da bugun dutsen guga a kan tebur. Da haka bakinsa ya koyi gudu. Kafin ya cika ashirin, wani mai situdiyo da ake kira Injiniya ya ji shi yana zuba baiti a bakin famfo, ya ce masa, "Kai, zo nan. Wannan bakin naka ba na hura wuta ba ne."

Waƙoƙinsa uku na farko sun ɗan zaga unguwa suka mutu. Ta huɗun daga aljihun Akawu ta fito.

Akawu ma'aikacin wani kamfani ne, shekara goma sha biyu yana kawo wa Baba fararen rigunansa duk Asabar. A ɗaya daga ciki Garwashi ya sami takardar sallama daga aiki, mai kwanan watan da ya wuce da wata huɗu. A bayanta an yi rubutu da fensir: Litinin tashar mota, Talata ɗakin karatu, Laraba bencin asibiti, har zuwa Jumma'a. A can ƙasa kuma an rubuta: kada ta sani. Garwashi ya mayar da takardar ambulan, amma ta riga ta shiga kansa. Ya yi kwana uku yana ganin mutumin zaune cikin marasa lafiya da jakarsa a cinya, lafiyarsa ƙalau, yana jiran ƙarfe huɗu ta buga ya koma gida.

Ya yi waƙar. Ya sa ranakun yadda suke, ya sa har da shuɗin maɓalli guda da matar Akawu ta ɗinka a wuyan farar riga, don ya ga baitin ya fi zama da shi. Cikin sati biyu babu motar haya da ba ta sa ta. Masu aski suna yi, yara suna tsalle da ita: "Farar riga, shuɗin maɓalli, Laraba yana asibiti, ba ciwo ba magani." Aka gayyace shi babban wasa a filin ƙwallo, aka buga hotonsa a bango.

Ranar Asabar ɗin da ta zo kafin wasan, Akawu ya shigo shago hannu biyu babu kaya. Ya rame, ya gaishe da Baba a hankali, sannan ya dubi Garwashi.

"Mawaƙi, sannu da aiki. Ka iya waƙa, ba laifi. Matata ma ta haddace ta. Tana shara tana rerawa, sai da ta kai wurin maɓalli ta ajiye tsintsiya."

Baba ya ɗaga dutsen guga daga kan rigar da yake yi. "Wace waƙa, yallaɓai?"

"Au, ba ka ji ba? Kai kaɗai ka rage a garin nan. Ranar Laraba a asibiti wata nas ta leƙo wuyana ta yi dariya. Ba ni kayana, Baba. Ban ce kai ne ba, amma aljihuna a shagonka na buɗe shi."

Baba ya haɗa rigunan, har da waɗanda ba su bushe ba. Da Akawu ya fita sai Baba ya zauna a kan kifaffen bokiti.

"Ɗan nan, karanta wa mutane takardu kake yi?"

"Baba, ban faɗi sunansa ba fa."

"Ka faɗi maɓallinsa. Sunan me kuma ake nema? Shekara talatin mutane suna tuɓe mini asirinsu suna tafiya. Ka janye waƙar nan, ko ka daina taka mini shago."

Kafin Laraba mutum shida sun zo sun kwashe kayansu. Igiya ɗaya ta zama fayau, iska tana kaɗa ta ita kaɗai.

Garwashi ya je wurin Injiniya ya ce a cire waƙar. Injiniya ya yi dariya har sai da ya tuɓe abin sauraro daga kunnensa. "A cire ta daga ina, abokina? Daga wayar mutum dubu nawa? Sai ka bi su gida-gida da bokitinku ka wanke."

"To ni dai ba zan yi ta a fili ba."

"Wannan kuma kai da su."

Garwashi ya koma ya faɗa wa Baba ya yi alkawari, bakinsa ba zai sake furta ta ba. Baba bai ɗago kai ba, ya dai ce, "Allah ya sa."

Ranar wasan rana ta take, filin ya cika har kan katanga. Garwashi ya yi tsofaffin waƙoƙinsa uku, aka yi tafi sama-sama. Sai aka fara ihu: "Farar riga! Farar riga!" Ya ɗaga hannu ya ce, "'Yan'uwa, ku yi haƙuri, wannan waƙar na daina ta. Ta taɓa wani bawan Allah." Suka ɗauka salo ne na jan rai, suka ƙara shewa. Ya juya ya yi wa mai kiɗa alama kada ya saki komai, mai kiɗan ya naɗe hannuwansa.

Daga can baya wasu 'yan mata suka ɗauko baitin farko, babu kiɗa. Na gabansu suka karɓa. Kafin ya yi wani motsi filin gaba ɗaya ya ɗauka, ana buga ƙafa a ƙasa ana jero ranaku ɗaya bayan ɗaya, ba su yi kuskuren ko kalma guda ba. Ya yi ta cewa su tsaya, lasifika tana ƙara muryarsa, amma ko shi bai ji kansa ba. Ya sauke makirufo ya tsaya bakinsa a rufe, kamar yadda ya yi alkawari, har suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga Litinin.