Rumbun da Tanko Ya Yi wa Idanu

Kafin Nasara su iso Madarunfa, an yi wani magini, Tanko, wanda ya je Damagaram neman aiki ya dawo da kwalaben turare na Larabawa da kuma ra'ayi. Kwalaben ba su cuci kowa ba.

Ra'ayinsa shi ne yunwa ba ta kisa sai don rumbu ba ya nuna cikinsa. In kowa na ganin hatsin kowa, wa zai kwana da yunwa kusa da mai ƙoshi? Ya fara da nasa. Ya fasa kwalaben, ya jera gindinsu a jikin ginin daga sama har ƙasa, gabas da yamma.

"Maigida, asirinmu fa?" in ji matarsa Balaraba.

"Ke dai ba ki san duniyar da ke tafe ba."

Da kaka rumbu ya cika, ba a ga komai ba. Sai bazara, da damman gero suka ja baya, rana ta fara ratsawa. Da la'asar haske kore da shuɗi da ruwan zuma yakan zubo a kan katangar maƙwabta yana rarrafe, inuwar balbelun tafki na giftawa ciki. Tsofaffin da suka gani suna yara sun ce ba su sake ganin abu mai kyau kamarsa ba. Aka riƙa zuwa kallo da tabarmi, har daga Gabi.

Kullum hasken na ƙara sauka, kullum ana ƙara yabo. Balaraba na tsakar gida tana jin ana kallon yunwarta.

"Malam Tanko, yau shuɗin ya kai ƙasa!" in ji Sule maƙeri, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Ba wanda ya kawo ko zangarniya. Kawowa na nufin ka gani, kuma a garin nan ba a yi wa mai aure wannan cin fuska.

Rannan Tanko ya tafi noma, maƙwabciyarsu Kulu ta shigo da kwandon laka.

"Taso, ƙawa. Ni gabas, ke yamma."

Suka yaɓe idanun rumbun tas. Da la'asar masu tabarmi suka tarar da katanga kamar kowace katanga, suka yi tsaki suka watse. Tanko ya ce jahilci ya yi nasara, ya ƙi cin tuwo.

Washegari Sule ya zo da dami biyu, ya ce rumbunsa na yoyo, ko za a ajiye masa. Balaraba ta ce a ajiye. Bai taɓa dawowa ɗauka ba.