Bulon da Harsashi Ba Ya Hudawa

Ƙarar bindigar ba ta gama barin kunne ba, ihun Madam Albertine mai giya ya taso daga bayan zana.

"Tukunyata! Wane ɗan banza ne ya harbe mini bil-bil?"

Walid ya dubi katangar gwajin da ya gina a tsakiyar filinsa na buga bulo. Ga huda nan, har ana hango kogin Binuwai ta ciki. A gefensa kuma Alhaji Abdelkerim ne, mai shanun Ngong, wanda tsoron masu satar mutane ya kawo Garwa neman bulon da zai kewaye gidansa. Walid ya rantse masa harsashi ba ya huda nasa.

Da wayonsa ya ɗauko Wilfried, tsohon ɗan rakiyar mafarauta, ya yi harbin, don shi ne kullum ke cika mutane da bayanin cewa cikin bututun bindiga akwai murɗi kamar na igiya, shi ke juya harsashi. Nasa murɗin, in ji shi, ya sule da tsufa, harsashin a karkace yake fita, ko ƙofar kwano ba ya hudawa, sai dai ya yi sallama.

Ashe Wilfried bai san siminti nawa Walid ke nuna wa yashi ba. Nuni ne kawai, daga nesa.

Albertine ta faso zana da ludayi a hannu, zaninta sharkaf da giyar gero. Alhaji ya tattare babbar riga ya ja baya yana a'uziyya.

Walid ya yi wuf ya cafke hannun maharbin.

"Patron Wilfried, ka cuce ni! Ka ɓoye mana! Wannan murɗi ai na sojan Turawa ne. Alhaji, ko dutsen Tingilin aka sa gaban wannan bindiga sai ta fasa shi. Ɓarayin daji ina suka ga irinta?"

Shekara da shekaru ba wanda ya yabi bindigar nan. Wilfried ya gyara tsayuwa, ya shafa bututun.

"To... gaskiya murɗin matsattse ne. Ban cika son faɗa ba."

"Ashe kai ne!" Ludayin Albertine ya sauka a ƙeyar Wilfried, ƙwal.

Alhaji ya jinjina kai, ya ce a fara loda mota biyu. Walid har ya buɗe baki zai yi godiya, sai ga wani dogon mutum ya shigo filin, takalminsa irin na jandarma, yana janye da rago mai ɗingishi.

"Jam na," ya gaishe su da Fulatanci, ba fara'a. Ya buɗe tafin hannunsa. Harsashi ne, sumul, ko bakinsa bai lotse ba. "Daga cinyar ragon kwamanda na ciro. An ce ta cikin bulo ya bi. Ina mai bulon? Kwamanda na son ya gani da idonsa, don shi ma bulon gidansa a nan aka saya masa."